Tumai da Littafin Farawa: ba dole ɗalibi ya zaɓi ɗaya ba

Ɗalibin lise, wato makarantar sakandare, a Garwa ko Njamena yana koyon juyin halitta (yadda masu rai ke sauyawa a tsawon zamani) a aji ranar Juma'a, ranar Lahadi kuma ya ji a majami'a cewa duk wanda ya yarda da shi ya yi wa Allah tawaye. Wannan tsaka mai wuya da ake jefa yaranmu ciki ba ta da tushe, kuma tana raba wasu da imani, wasu da karatu.

A fara da abin da ba mai musu a kansa. Manomin auduga a Arewacin Kamaru ya san maganin feshin da ke kashe tsutsa a da yanzu ba ya kashe ta. Cikin tsutsotsi dubbai akwai 'yan kaɗan da jikinsu ke jure dafin tun haihuwa. Feshi ya kashe sauran, masu jurewar suka hayayyafa, bayan 'yan damuna su ne suka cika gona. Rage yawan magani ko nanata iri ɗaya kullum yana hanzarta abin. Haka kulorokwin ya daina aiki a kan zazzaɓin cizon sauro. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Darwin ya bayyana a 1859, kuma Kirista mafi tsauri ma ya yarda yana faruwa.

Gardamar tana kan tsawon zamani da asalin mutum, kuma a nan Cadi na da ta cewa. A Yulin 2001, a hamadar Jurab, ayarin masani Bafaranshe Michel Brunet ya gano ƙoƙon kan da ake kira Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce ta birin cimfanzi ba, amma ramin da laka ke bi a gindin kai ya matso gaba, alamar mai tafiya a tsaye. Masana na jayayya a kan tafiyar tasa, ba sa jayayya cewa shekarunsa miliyoyi ne. Kuma kimiyya ba ta ce biri ya haifi mutum ba. Cewa ta yi kakansu ɗaya can baya.

To, shin Farawa, littafin farko a Littafi Mai Tsarki, ta hana wannan? Lissafin da ke cewa shekarun duniya 6,000 ne ba aya ba ce. Mafi shaharar irinsa na Bishop Ussher ne, wanda a 1650 ya tara shekarun zuriyoyi ya fitar da 4004 kafin haihuwar Almasihu. Nassin kansa ya sa halittar rana a kwana na huɗu, to da me aka auna ukun farko? Agustin na Hippo, babban malamin Kirista ɗan Aljeriya ta yau, ya lura da haka tun ƙarni na 5, ya kuma gargaɗi Kiristoci kada su faɗi shirme kan sha'anin duniya da sunan Littafi, don kada masana su raina bishara. Farawa 1:24 ma cewa ta yi ƙasa ta fid da masu rai: umarni na Allah ne, ƙasa ce ta aiwatar.

Fafaroma Pius na 12 a 1950 ya halatta binciken asalin jikin mutum, muddin an riƙe cewa Allah ne ke halittar ruhu. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Kirista ne mai bishara a fili.

Wahala ta gaske ta rage a kan Adamu. Nazarin gado yana nuni da jama'a masu yawa a farkon mutum, ba mutum biyu kaɗai ba, alhali wasiƙar Bulus ga Romawa, sura 5, ta ɗaure zunubi da mutum ɗaya. Malaman tauhidi na kan wannan har yanzu. Fasto ya faɗa wa matasa hakan ɓaro-ɓaro, malamin aji kuma ya daina cewa ƙashi ya tabbatar babu Mahalicci, domin awon shekarun dutse ba ya amsa wannan tambaya.