Do, Mi, So da Daƙuwa

Ni dai zane na karanta a kwalejin horon malamai. Abin da na sani shi ne fensir da buroshi, da yadda ake haɗa shuɗi da rawaya a sami kore. Amma manhajar ƙaramar sakandare ta ƙasar nan ta tattara zane da wasan kwaikwayo da rawa da kiɗa ta mai da su darasi ɗaya, wai fasaha da al'adu. Saboda haka duk wanda aka ɗauka koyar da zane, ranar da zangon kiɗa ya zagayo shi ne makaɗin makaranta, ko ya so ko ya ƙi. Da na kai kukana wurin shugaban makarantarmu, wata makarantar kuɗi a nan Zariya, ko ɗago kai bai yi daga rajistar kuɗin makaranta ba.

"Malam, ai duk fasaha ce. Akwai fiyano a sito, ka karɓi makulli wurin maigadi."

Na sami fiyanon a cikin buhun shinkafa, a ƙarƙashin karyayyun kujeru, ƙura ta yi masa bargo. Wuta kuwa ba a maganarta a ajinmu, don haka batir na saya da kuɗin aljihuna. Wata abokiyar aikinmu, malamar Turanci da ke waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinsu a Wusasa, ita ta ji tausayina ta riƙa zaunar da ni a ofishin malamai lokacin tara tana ɗora ni a hanya.

Kuma gaskiya abin ba shi da wuyar da nake tsoro. Maɓallan fiyano farare bakwai ne da baƙaƙe biyar, suke ta maimaita kansu har ƙarshe. Baƙaƙen suna zuwa biyu, sannan uku, biyu, sannan uku. Farin da ke hagun baƙaƙe biyun nan shi ne C. Daga kowane maɓalli zuwa maƙwabcinsa, fari ne ko baƙi, rabin taki ke nan. In ka tsallake ɗaya ka yi cikakken taki. Abin da ake kira mejo sikel tsani ne mai tsari guda da ba ya canzawa: cikakke, cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi. In ka fara daga C, farare kawai za ka bi, C D E F G A B C, domin tsakanin E da F babu baƙi, haka ma tsakanin B da C, wato rabin takin ya faɗo daidai inda ake nemansa. Su ne do re mi fa so la ti do. Malamar ta ce wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na garin Arezzo, shi ya fara laƙaba wa sautukan irin waɗannan sunaye a ƙarni na 11, sannan a ƙarni na 19 wasu Turawan Ingila biyu, Sarah Glover da John Curwen, suka gyara tsarin don koyar da yara da mawaƙan coci. Na rubuta wannan a littafina har da jan layi, don na san shi ne kaɗai ɓangaren da zan faɗa a aji ba tare da gumi ba.

Ranar farko na shiga aji biyu da fiyano a hammata, sai ajin ya kaure da sowa. Wani daga baya ya ce, "Malam, a sa mana na biki!" Na ɗaure fuska na ce nan ba gidan biki ba ne, ilimi za a yi. Na zana tsani a allo mai matakala takwas, kuma tsanin ya yi kyau, don nan ne fagena. Na faɗi tarihin Guido. Sannan na kunna fiyano na ce kowa ya saurara.

Do. Re. Mi. Sai shiru. So. La. Ti. Do.

Na koma na sake danna F. Maɓallin yana sauka, yana tashi, amma ko ƙis. Na danna da ƙarfi, na busa iska a gefensa, na ɗan bubbuga fiyanon da tafin hannu. Babu. A ofis ashe F ɗin can sama muke amfani da shi, saboda muryar malamar siririya ce. Wannan na tsakiya, wanda ya yi daidai da muryar yara, ya riga mu gidan gaskiya tun ban san shi ba. Na gwada na ƙasa, ya yi wa yaran kauri. Na gwada na sama, 'yan mata suka kai, maza suka maƙale suna tari.

Abin mamaki, yaran ba su ga wata matsala ba. Na ce su bi ni da baki, suka rera do re mi, suka yi tsalle zuwa so la cikin jin daɗi, suka haye do na sama. Ba sautin fa kaɗai suka tsallake ba, har ti ɗin da ke da rai sun bar shi a hanya. Na tsayar da su na rera fa da bakina, na ce su maimaita. Rabin aji suka ba ni mi, rabi suka ba ni so, kowa kuma yana kallona da fuskar wanda ya yi daidai. Daga baya ne na fahimci dalili. Da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya, irin na gaɗa da na daka da na raino, a kan sauti biyar suke tafiya, kuma irin wannan tsani ba shi da rabin taki. Fa da ti kuwa su ne masu zama rabin taki daga maƙwabtansu. Kunnen da ya tashi da sauti biyar, in ka miƙa masa fa, sai ya ɗauka mi ne ya ɗan zame, ya gyara maka shi kyauta.

Da daddare na zauna da fiyanon ina lissafi, sai dabara ta faɗo mini. Tunda tsarin taki ne ke yin sikel, ba maɓallin da aka fara da shi ba, me zai hana in ƙaura? In ka fara daga G ka bi cikakke, cikakke, rabi, za ka taka G A B C D E, sannan tsarin ya ce a yi cikakken taki daga E. F rabin taki ne kawai, don haka dole ka tsallake shi ka hau baƙin da ke damansa, wanda ake kira F shaf, kafin ka sauka a G. Wato sikel ɗin G ba ya taɓa mataccen maɓallina ko sau ɗaya. Na yi ta murmushi ni kaɗai har uwargida ta tambaya ko albashi ne ya shigo.

Mako na gaba na shiga aji da ƙarfin gwiwa, na sanar da cewa mun koma G "saboda dalilai na ilimi". Monita ya ɗaga hannu. "Malam, ba don wancan ya mutu ba?" Na ce ya je ya goge allo.

Da sikel ya ɗan zauna sai muka shiga kod, wato sauti uku da ake bugawa lokaci guda. Ka ɗauki na ɗaya da na uku da na biyar, do mi so, a G ke nan G da B da D. Daga do zuwa mi rabin taki huɗu, daga mi zuwa so uku. In ka juya lissafin, uku a ƙasa huɗu a sama, sai sautin ya koma mai sanyin jiki, wanda ake kira maino. Na buga musu do mi so, na buga fa la do, na buga so ti re, na koma do mi so. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Lah, Malam, irin na fim!" Ta yi gaskiya, kod ukun nan kaɗai sun isa raka waƙoƙi masu ɗimbin yawa. A nan ne ya kamata in tsaya in ba da jinga. Amma daɗin yabo ya ɗebe ni, na ce yanzu mu za mu zama fiyanon.

Na raba ajin uku. Layin bakin ƙofa su riƙe do, na tsakiya mi, na bakin taga so. Kowane layi shi kaɗai ya yi lafiya lau. Da na ce a haɗa, sai abin ya zama kokawa. Mu a wurinmu waƙa jagora ne da 'yan amshi: ya bayar, a karɓa da murya ɗaya. A ce kana rera naka, na kusa da kai yana rera wani daban, kuma wai dukanku kun yi daidai, wannan bai shiga kan yaran ba. Duk wanda ya ji maƙwabcinsa ya saɓa masa sai ya ƙara murya don ya dawo da shi hanya. A layin do akwai wani ƙaton yaro da muryarsa ta riga ta fashe, shi kaɗai ya janye rabin aji zuwa wani sauti da ba ya cikin fiyano. Ana cikin haka injin markaɗen da ke bayan katanga ya tashi, sai kowa ya bar nasa ya bi injin.

Sai na tuna alamun hannu da malamar ta nuna mini, waɗanda Curwen ya tsara don kowane sauti ya sami siffarsa. Do, a dunƙule hannu. Mi, a shimfiɗa tafi yana kallon ƙasa. So, a miƙe hannu a kaikaice, yatsu a haɗe, tafin yana kallon mai shi. Na ce kowane layi ya riƙe alamarsa yana rerawa, ko hannu zai tuna wa baki aikinsa. Kuma wallahi ya fara aiki. Na ɗan lokaci kaɗan na ji do mi so ya tashi a ajin nan, tsaf, har tsikar jikina ta tashi. Na juya allo in rubuta kod na gaba, ina cewa, "Ku riƙe! Kar wanda ya saki!"

Ban san ƙaton nan ya sake danne kowa da do ɗinsa ba. Ban kuma san 'yan layin taga sun gano cewa alamar so, in aka juya tafin waje aka ware yatsu biyar, ta zama wani abu da kowane Bahaushe ya san fassararsa ba. Suka ɗaga hannuwa gaba ɗaya suka auna layin ƙofa, bakinsu kuma bai fasa "sooooo" ba.

Daidai nan mai makarantar ya iso bakin ƙofa, Alhaji guda cikin babbar riga, da baƙi biyu da yake zagayawa da su, iyayen da ke son kawo 'ya'yansu. Abin da ya fara gani shi ne layin do, yara sun dunƙule hannu sun ɗaga sama. Ya ɗauka jinjina ake masa. Fuskarsa ta washe, shi ma ya dunƙule nasa ya girgiza, yana waiwayen baƙi don su ga irin tarbiyyar makarantarsa. Sannan ya ɗaga ido ya hango layin taga: yara kusan ashirin, kowanne ya ware masa yatsu biyar, da iyakar ƙarfinsa. 'Yan layin tsakiya kuwa suna nan da tafinsu a shimfiɗe yana lilo sama da ƙasa, sai ka ce haƙuri suke ba shi.

Da na juyo, hannun Alhaji yana nan a sama a dunƙule, ya manta bai sauke ba.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, kod ne."

"Kod."

"Eh, ranka ya daɗe. Waɗannan do ne, waɗancan so. Wani Bature ne a Ingila..."

"Baturen ne ya ce a yi mini daƙuwa?"

Ɗaya daga cikin baƙin, wata Hajiya, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Yaran kuwa, da yake na ce kar wanda ya saki, ba wanda ya saki. Sai da na daka tsawa sannan hannuwa suka sauka, sautin ya mutu, aka bar injin markaɗe shi kaɗai yana riƙe da nasa.

A ofis na yi bayanin Guido, na yi na Curwen, na zana tsani a bayan wata takardar rasit. Shugaban makaranta, wanda ya ce duk fasaha ce, ya zauna yana kallon silin kamar bai taɓa ganina ba. Malamar Turanci ce ta cece ni, ta zo ta nuna alamun ɗaya bayan ɗaya, ta rantse haka suke a littafi. Alhaji ya sa ta maimaita alamar so, ya duba tafin da kyau ya tabbatar ita yake kallo ba shi ba. Hukuncin da ya yanke shi ne a ci gaba da do re mi, amma kowane yaro hannunsa a kan benci. Da na samu fuska sai na kawo maganar mataccen maɓalli, ya zaro kuɗi ya ce a kai gyara, wataƙila don ya rabu da ni.

Mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya kwance fiyanon a gabana. A ƙarƙashin F ya zaro ɓawon gyaɗa da wani busasshen cingam da ya manne a kan robar da ke taɓa waya. Ya goge wurin da ɗan auduga, ya mayar, F ya yi kuka garau.

Na koma aji da alfaharina, na ce yau za su ji sikel ɗin C cikakke, yadda Allah ya yi shi. Na buga a hankali, na ɗan daɗe a kan fa don kowa ya ji abin da aka biya wa kuɗi. Ajin ya yi tsit. Yarinyar layin gaba ta yamutsa fuska, ta kalli ta kusa da ita. Monita ya ɗaga hannu, ya tuna doka, ya yi maza ya mayar kan benci.

"Malam, mai gyaran nan ya cuce ka. Da can ya fi daɗi."