Rufaffiyar Kwata Ba Ta Wanke Ruwa

Mutanenmu da ke zuwa Ingila sukan yaba titunan nan: babu kwata a buɗe, babu leda, ruwan sama na sauka sai ya shige rami a gefen titi. A ganina an dai kawar da dauɗar daga ido ne. A unguwannin da bututun ruwan sama yake daban, kai tsaye yake zubawa cikin kogi ba tare da an tace ba. A tsohuwar Landan kuwa bututu ɗaya ne da na bayan gida, a da in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya tumbatsa cikin kogin Thames. Shi ya sa aka haƙa ramin Tideway, wani ƙaton bututu a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 25, don ya riƙa tare wannan ambaliyar.

Lissafin ba wuya. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin gida mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 20, zai zubar da lita 2,000. Ƙasa za ta shanye mafi yawansa, siminti da kwalta kuwa ko kusa.

Abin da ruwan ke kwasowa shi ne matsalar: baƙin mai, ɓurɓushin taya da birki, takin zamani, kashin dabbobi, laka. Takin yana sa gansakuka ta mamaye kogi, in ta mutu tana ruɓewa sai ta cinye iskar oksijin; da zarar ta yi ƙasa da miligiram 2 a lita, yawancin kifaye ba sa kai labari. Laka kuma tana binne ƙwan kifi. A 2020 masu bincike a jihar Washington ta Amurka suka gano cewa wani sinadari daga taya, 6PPD-quinone, shi ke kashe kifin coho, wani nau'in kifin salmon, cikin 'yan sa'o'i bayan ruwa. Titunan can ma fes suke.

A gida ruwan farko ya fi haɗari, domin dauɗar watannin rani gaba ɗaya yake wankewa lokaci guda. Amma buɗaɗɗiyar kwatarmu, duk muninta, ana ganin inda ta toshe a yashe ta. Abin da nake tsoro shi ne yayin shafe tsakar gida da siminti kakaf.

Maganin da Turawa suka dawo gare shi da tsada, mu yana hannunmu: a rage wa ruwa gudu, a bar shi ya nitse. A haƙa kwari mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da tushen gini da aƙalla mita 3, a gauraya ƙasarsa da yashi da taki, a shuka ciyawa mai dogon saiwa, a karkatar da indararo can. Ruwan ya kamata ya tsotse cikin sa'o'i 48. In ya wuce haka, ko dai ƙasar yumɓu ce, ko laka ta toshe samanta, sai a kankare a ƙara yashi kafin sauro ya samu wurin zama.