Yadda "kai" ta kusa kai ni lahira a Guangzhou

Ni dai tun tasowata bakina bai san wata kalmar mamaki ba sai "kai". Shayi ya yi zafi, kai. An faɗi farashi, kai. Yaro ya yi ɓarna, kai kai kai. Da wannan bakin na sauka a filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou, zuwana na farko sarin kayan waya, ba tafinta, ba Sinanci, sai adireshin masaukina a unguwar Xiaobei da wani abokin kasuwa ya turo mini a waya.

Na shiga tasi, na nuna wa direba adireshin, ya gyaɗa kai. Muna hawa babban titi mutumin nan ya taka mota kamar an biyo shi bashi. Ya kutsa tsakanin wata bas da motar kaya, na dafe kujera na ce, "Kai!" Ya kalle ni ta madubi, ya ƙara wuta. Na ce, "Kai! Kai! Kai!" Ya yi wata magana da faɗa-faɗa yana nuna gabansa, ma'ana ai ga shi yana yi, me kuma nake so? Daga nan na bar Hausa na koma salati, kuma shi ne ya cece ni, don da na daina cewa kai sai ya sassauta.

Sai da dare, a wani gidan abincin halal, wani ɗan Zariya mai karatun likita a can ya warware mini, bayan ya yi dariya har ya ƙware da shinkafa. Ya ce, "Alhaji, ai kai ka ce masa ya tuƙa." A Sinanci "kai" tana nufin buɗewa, amma sun ɗora mata kaya fiye da jakin mai itace. Kai men, buɗe ƙofa. Kai deng, kunna fitila. Kai che, tuƙa mota. Kai hui, zaman taro. Kai shui, tafasasshen ruwa. Ko rasit kake so a kanti, kai fapiao za ka ce. Wato ni ina roƙon rai, shi yana jin fasinja mai gaggawa yana cewa tuƙa, tuƙa, tuƙa.

Ya ƙara da cewa matsalar har da karin sauti. Sinancin Mandarin yana da karin sauti huɗu, kuma tasu "kai" ɗin a sama take, miƙe, ba ta faɗuwa. Mu ma muna da namu bambancin, ba ma lura ne kawai. "Kai" na saman wuya muryar faɗowa take yi, amma "kai" da ake kiran namiji da ita a sama take tsayawa, daidai da tasu ba ragi. Ni kuma tsoro ya sa duk muryata ta maƙale a sama.

Ya rubuta mini kalmomi uku a bayan katin masauki: ting, tsaya, man, a hankali, guan, rufe. Na ce to man dai na san shi, na gyaɗa da na shanu. Ya ce in riƙa cewa "man yidian", wato rage kaɗan.

Da ya ga ina jin daɗin zancen sai ya ci gaba da zuba. A harshen Maori na ƙasar New Zealand, kai abinci ne. A Hawaii teku ce. A Jamusanci bakin gaɓar da jiragen ruwa ke tsayawa ne. Mutanen Finland in sun ce kai, "wataƙila" suke nufi. Japanawa suna kiran irin su kumbar ruwa da ita. Wadda ta fi ba ni dariya ta Girkawa ce: a rubuce kai, ma'anarta "da", amma Girkawan yau "ke" suke furtawa. Namiji a takarda, mace a baki.

Na ɗauka na gama karatu. Kwana huɗu bayan nan ina wurin masu ɗaure kaya, an shirya mini kwali shida na murfin waya da caja. Duk wanda ya taɓa aiko da kaya ya san wahalar: a ƙirga, a jera, a naɗe da salatif ta kowace kusurwa, a sa buhu, a ɗaure da igiyar roba, a auna nauyi da faɗi, sannan a rubuta suna da lambar waya da maka a gefe biyu. Awa biyu muka yi. Sai na hango wani yaro yana jan kwalina na uku zuwa tarin kayan wani ɗan Mali. Na miƙe, na nuna kwalin da yatsa, na daka masa tsawa: "Kai!"

Yaron nan mai ladabi ne. Ya tsaya, ya zaro reza daga aljihu, ya tsarge igiya, ya farke buhu, ya buɗe kwalin tsaf, ya ja da baya don in duba. Na ɗora hannu a ka na ce, "Kai, kai, kai!" Ya dubi sauran kwalayen, ya nufi na huɗu.

Katin yana aljihuna, amma kafin in lalubo shi in gano wacce ce ting wacce ce guan, na huɗu ya tafi. Yuan ashirin na sake biya aka ɗaure su, ina tsaye a gefe da hannu a kan baki.