Garar da ke cikin ƙaro da garar da ke gonarmu

Wani ɗan yayata da ke karatu a jami'a a Yamai ya zo hutu Tawa, ya miƙo mini wayarsa ya ce: "Kawu, duba wannan." Hoton wani dutse ne mai launin zuma, haske na ratsa shi. A tsakiyarsa ga gara kwance da fikafikanta, kai ka ce shingen da yara ke tsinta a gindin fitila bayan ruwan farko. Ya ce ta kai shekara miliyan 20 a ciki.

Dutsen asalinsa ƙaro ne. Itace ya tsiyayar da shi kamar yadda ƙaro ke tsatsowa a jikin itatuwan dajinmu, ƙwaro ya liƙe a ciki, ƙasa ta binne shi har ya ƙanƙare. Turawa na kiransa amba. Sunan wannan gara a wurin masana Mastotermes electrodominicus. A Jamhuriyar Dominikan aka haƙo ta, kuma a 1991 Kumar Krishna da David Grimaldi suka bayyana ta a matsayin jinsi na daban. An samu ƴar'uwarta a ƙaron Meziko, an kuma ga burbushin danginsu a duwatsun Turai. Duk sun ƙare. Cikin wannan gida kaf, jinsi ɗaya tak ya rage da rai, Mastotermes darwiniensis, a arewacin Ostireliya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken da aka wallafa a 2002, wanda masaniyar ilimin halittu Lynn Margulis na cikin masu shi. Sun leƙa cikin hanjin wannan gara, suka tarar da sawun ƙananan halittun da ke taimaka wa gara narkar da itace. Wato tun wancan zamani sana'arta ke nan: ta ci busasshen itace, ta mai da shi ƙasa. Kuma a ƙaron ƙasar Bama, mai shekara kusan miliyan 99, an samu sojan gara mai ƙaton kai irin na zago. Lokacin da manyan dabbobin da ake tono ƙasusuwansu a Gadufawa, cikin hamadar yankin Agadas, suke yawo a ƙasar nan, dangin gara na nan suna aikinsu.

To mu a Adar me ya shafe mu? Ya shafe mu, don babu wanda ke cin moriyar wannan sana'a kamar manomin tassa, wato ramukan shuka da ake haƙawa a zuba musu taki, kuma babu wanda ke zagin gara kamarsa.

Duk wanda ya bi hanyar Badagishiri zuwa Illela ya san faƙo. Ƙasa ce da ta yi tauri kamar daɓe, ruwa ya sauka ya wuce bai shiga ba, ko ciyawa ba ta tsirowa. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Barkina Faso, ƙasar su marigayi Yakuba Sawadogo, manomin da ya yi suna wajen farfaɗo da matacciyar ƙasa, suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka gwada. Na tsuguna bakin irin wannan rami a gonar wani dattijo da rani, bayan ya zuba taki cikin tafin hannu biyu. Da ya sa ɗan yatsa ya ɗaga busasshiyar kashin shanun, sai ga rufin laka siriri, ƙarƙashinsa gara na ta kai da komo, ga ƙananan ƙofofi sun nutse cikin ƙasa. Ya ce mini: "Malam, ni rami na haƙa, su kuma suna haƙa mini rijiya." Gaskiyarsa. Ta waɗannan hanyoyi ruwan sama ke gangarawa zuwa inda saiwar hatsi za ta same shi, kuma takin da suka ja ƙasa ba ya bin iska. Masanin ƙasa Abdoulaye Mando ya gwada haka a arewacin Barkina a shekarun 1990: inda aka shimfiɗa tattaka aka bar gara ta shiga, faƙo ya buɗe ya sha ruwa, inda kuwa aka sa magani aka hana ta, abin bai yi armashi ba.

Ban manta da ɓarnarta ba. Gara ta cinye mini akwatin littattafan mahaifina, har da takardun da ya rubuta da hannunsa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tana cin rumbu, tana cin rufin ɗaki, tana kashe ƙananan itatuwan da aka dasa ba a ba su ruwa ba. Wanda ya buɗe rumbunsa ya tarar da damman hatsi sun zama laka ba zai saurari labarin ƙaro ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Inda nake jayayya shi ne yadda muke ramawa. Mutum ya je kasuwa ya sayo fiya-fiya a kwalbar da ko rubutu babu, ya tsiyaya a suri, ya yayyafa a gona, wani har cikin takin da zai zuba a tassa. Ya kashe ma'aikatan da bai biya ko dala ba, ya sa guba inda kaji ke tono, inda yara ke kama shinge su soya. Alhali jinsin gara a duniya ya kai kusan 3,000, kuma kaɗan ne cikinsu ke taɓa gida ko amfanin gona. Manyan masu gina suri a ƙasarmu ma manoma ne: tattaro busasshiyar ciyawa suke yi, su noma wani irin naman gwari a cikin surin, shi ne abincinsu.

Kakanninmu sun san bambancin gida da gona. Sun ɗora rumbu bisa duwatsu don a riƙa ganin hanyar gara a kankare ta. Sun zuba toka a gindinsa. Sun yi rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Ba su bi ta har daji da guba ba.

Shi ya sa nake ganin malaman gona da ke zagaya ƙauyuka, kamar yadda suke koyar da zurfin tassa da tazarar ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata, ya kamata su riƙa nuna wa manomi wace gara ce ke masa aiki, wace ce ke masa ɓarna. Jami'o'inmu na Yamai da Tawa kuma su tura ɗalibai su tattara jinsunan da ke Adar, su rubuta su da sunayen da manoma ke kiransu. Na faɗa wa ɗan yayata haka. Ya ce a shekararsa ta ƙarshe za a nemi ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, na ce in ya shirya zan kai shi gonar dattijon nan kafin ruwa ya sauka, lokacin da ake zuba taki.