Mai kula da 'ya'yan mutane ya fara nuna katin rigakafinsa

A Amurka, idan dogon hutun bazara ya zo, iyaye da yawa kan kai 'ya'yansu sansanonin hutu, inda yara kan yi makonni suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci tare. Galibi ana neman katin rigakafin yaro kafin a karɓe shi, amma ba ko'ina ake yi wa matasan da aka ɗauka aikin kula da yaran wannan tambaya ba, alhali kuwa da dama daga cikinsu daga ƙasashen waje suke zuwa, kuma gadonsu yana kusa da na yaran. A ganina wannan sakaci ne babba.

A shekarar 2019 mutum fiye da 1,200 suka kamu da ƙyanda a Amurka, adadin da ba a gani ba tun 1992, kuma mafi yawansu a jihar New York suke. Da lokacin buɗe sansanoni ya gabato, hukumar gundumar Sullivan da ke jihar New York ta ba da umarnin cewa yaro da ma'aikaci duka sai sun nuna shaidar kariya daga cutar. Duk wanda ya san halin ƙyanda ba zai ga an wuce gona da iri ba. Ƙwayar cutar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, mutum yakan fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su feso masa, kuma cikin mutum goma marasa kariya da suka kusance shi, kusan tara za su kamu. Ma'aikacin da ya ɗauka mura ce kawai ke damunsa zai iya harbin ɗaki guda kafin likita ya gane.

Masu adawa suna cewa baligi yana da iko da jikinsa, kuma haka ne. Sai dai ba a tilasta wa kowa karɓar amanar 'ya'yan mutane ba, kuma wanda ya nemi aikin ya yarda da sharuɗɗansa, kamar yadda maniyyaci ba ya shiga Saudiyya sai da shaidar allurar sanƙarau. Cikin yaran ma akwai waɗanda jinya ta raunana garkuwar jikinsu, ba za a iya yi musu allurar ƙyanda ba, kariyarsu ta dogara ga na kusa da su.

Adalci ya nuna a ɗaga wa ma'aikacin da likita ya tabbatar yana da uzuri, kamar mai juna biyu, sansanin kuma ya biya kuɗin allura ko gwajin jini, domin yawancin ma'aikatan ɗalibai ne masu ƙaramin albashi. Lokacin neman katin shi ma abin lura ne: jiki yana buƙatar mako biyu zuwa uku kafin allurar ta kama, don haka tun ranar ɗaukar aiki ya kamata a nemi shaidar, ba ranar da motocin yara suka iso bakin ƙofa ba.