Wayarka ta iya magana, amma a wurin wa ta yi karatu?

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Maganata ta yau a kan manhajojin nan ne da ake hira da su kamar mutum, irin su ChatGPT da Gemini da Meta AI. Wannan na ƙarshe ma ba sai ka je nemansa ba, tun 2024 yake cikin WhatsApp ɗinmu, domin Ghana na cikin ƙasashen Afirka na farko da aka buɗe wa shi. A nan Kumasi, daga unguwar Aboabo zuwa Asawase har Sawaba, da wuya ka zauna a majalisar samari ba ka ji wani ya ce "bari in tambaye shi" ba. Ni malamin makaranta ne, ina amfani da su, kuma ba na cikin masu cewa a jefar.

Duk wanda ya tashi a Zango ya san abin da rashin Turanci ya jawo wa iyayenmu. Mutum mai dukiya da hankali, sai ya ɗauki sirrinsa ya kai wa mai buga takarda a bakin gidan waya, ya biya kuɗi, ya dangwala yatsa a kan abin da bai iya karantawa ba. Yau 'yarsa za ta zauna a ɗaki ta rubuta wa mai gida wasiƙa a kan kuɗin haya, ta gyara takardar neman aiki, ba wanda ya ji. Ɗan kasuwa a Kejetia ko Alabar yana aika saƙo da Faransanci ga abokin cinikinsa na Wagadugu ko Lome, ya kuma gane amsar da aka mayar masa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yaran da ke shirin jarrabawar BECE da WASSCE, wato ta gama ƙaramar sakandare da ta babba. Akwai yarinyar da ba za ta taɓa ɗaga hannu a aji ta ce ba ta gane ba, saboda kunya. Da daddare sai ta sa manhajar ta maimaita mata lissafin har ya zauna, ba tsawa, ba dariyar 'yan aji. Wallahi wannan alheri ne, kuma ina murna da shi.

To amma mu san me muke riƙe da shi. Kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022. An ɗura masa tarin rubuce-rubucen mutane, mafi yawa na intanet, har ya ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Daga nan daɗin bakinsa yake, daga nan kuma matsalarsa take. Muryar da yake faɗin gaskiya da ita, da ita yake faɗin abin da ya ƙaga. Kamar mutumin da za ka tambaya hanya a cikin lungu ne, bai san gidan ba, amma sai ya miƙa hannu ya ce bi nan ka yi dama, kai kuma ka tafi da ƙarfinka. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT ya ba su, alhali ba a taɓa yin shari'o'in ba. Lauyoyi ke nan, masu karatun abin.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne addini. Na fara ganin ana turo hadisi a zaurukan WhatsApp da lamba da sunan littafi, idan ka bi sawu sai ka tarar daga manhaja aka kwaso, lambar ba ta nan ko lafazin ya sauya. Mu da muka zauna gaban malamai a zaure mun san ilimi yana da silsila: wane ya karanta a wurin wane. Mun san an ruwaito cewa Imamu Malik, wanda yawancinmu a wannan yanki muke bin mazhabarsa, yakan amsa tambayoyi da dama da "ban sani ba". Malami na ƙwarai idan ka kai masa maganar saki, ba zai ba ka amsa nan take ba. Zai tambaye ka da wane lafazi ka furta, sau nawa, a wane hali, zai nemi jin ta bakin matar, wataƙila ya ce ku dawo gobe. Manhaja ɓangare ɗaya take ji, na wanda ke riƙe da wayar, kuma an santa da son faranta wa mai tambaya. Idan ka juya tambayar yadda kake so, sau da yawa amsar ma sai ta juyo wajenka. Aure kuma ba abin gwaji ba ne.

Haka rabon gado. A Ghana, ban da hukuncin mirasi, akwai dokar ƙasa ta 1985, PNDCL 111, wadda ta shafi wanda ya rasu bai bar wasiyya ba. Gidan gado ɗaya a Zango yana iya haɗa matan aure da 'ya'ya da jikoki da 'yan haya, ga takardar fili da ba a san inda take ba. Wanda ya ɗauki lissafin waya ya shiga da shi taron dangi, zumunci zai ɓata. A je wurin malamin da ya san fara'id, a kuma ga lauya.

Batun lafiya gajere ne. Ka tambayi ChatGPT ma'anar abin da likita ya rubuta, ba laifi. Amma yaro na zazzaɓi, a kai shi a gwada jini, kada waya ta yanke masa yawan magani. Kuma don Allah a daina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa (Ghana Card) ko bayanan asusun kuɗi na waya (MoMo) ana zuba masa, abin da ka rubuta yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa.

Saura abin da yake ci mini rai a matsayina na ɗan Zango. Gwada tambayarsa tarihin unguwarku, ko jerin sarakunan Zangonku. Zai ba ka labari mai tsari, ka kai wa dattijo ya girgiza kai. Dalili a fili yake: abin da aka rubuta aka sa a intanet shi ya sani, mu kuma namu yana cikin ƙirjin tsofaffi da saƙon murya. Fataucin goro ta Salaga, yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa 'yan kasuwa zuwa wasu garuruwa, rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi da Larabci da ajami, halin da gidajenmu suka shiga a 1969 lokacin dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, nawa ne daga ciki muka rubuta da hannunmu? Ko Hausar da yake yi ba tamu ba ce. Ta Kano yake kwaikwayo, wani lokaci ma kana jin Turanci a ƙarƙashinta. Ga shi kuwa ba masana muka rasa ba: Google ya buɗe cibiyarsa ta binciken wannan fasaha ta AI a Accra tun 2019, ga jami'ar KNUST nan a Kumasi tana yaye masana kwamfuta kowace shekara, cikinsu har da 'ya'yanmu.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyin matasa na Aboabo da Asawase: wayar da kuke hira da manhaja da ita tana ɗaukar murya. Ku nemi izinin kakanninku, ku zauna da su bayan la'asar, ku tambaye su daga ina aka zo, wa ya gina masallacin unguwa, wa ya fara karantarwa a cikinsa. Ku rubuta da Hausarmu ta nan yadda muke yin ta. Duk ƙungiyar da ta shirya, ta yi mini magana ta akwatin saƙo, zan taimaka da gyaran rubutun a ranakun Asabar.