Kungsleden ko Sarek: ina za ka kai abokanka a bazarar arewa?

Da watan Yuni ya kama, rana ta daina faɗuwa a ƙuryar arewacin Suwidin, sai tsohuwar gardama ta taso tsakanin masu tafiyar ƙasa a dawa: hanyar ƙafa ta Kungsleden ko gandun dajin Sarek? Ni mazaunin ƙasar nan ne, na kuma taka wuraren biyu tare da abokai, kuma ra'ayina a fili yake. In ayari ne na abokai da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, Kungsleden ce hanyarsu. Masu raina ta, wai ta zama titin 'yan yawon buɗe ido, ba su yi mata adalci ba.

Kungsleden hanyar ƙafa ce mai tsawon kimanin kilomita 440, daga Abisko zuwa Hemavan. Yawancin mutane ɓangaren arewa suke bi, wajen kilomita 110 tsakanin Abisko da Nikkaluokta, inda ake haura mashigin Tjäktja, wuri mafi tudu a hanyar, mita 1,150 sama da teku. Jirgin ƙasa na dare daga Stockholm yana sauke ka a bakin hanyar. An yi mata alamomi, an ɗora gadoji a kan manyan koguna, an shimfiɗa katako a wuraren fadama. Ƙungiyar yawon buɗe ido ta ƙasar, STF, wadda aka kafa a 1885, tana da ɗakunan katako duk bayan kilomita 10 zuwa 20 a wannan ɓangaren. Kada ka zaci otal ne. Babu lantarki, babu famfo, kai za ka ɗebo ruwa a rafi ka faskara itace, ka share ɗakin kafin ka tashi.

Sarek kuwa wata duniya ce. An ware ta a 1909, tana cikin gandun dajin ƙasa na farko a Turai, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 2,000, da tsaunuka shida da suka haura mita 2,000 da tarin daskararriyar ƙanƙara kusan 100 da ba ta narkewa duk shekara. A cikin tsakiyarta babu hanya mai alama, babu ɗakin kwana, gadoji 'yan kaɗan ne. Tanti, abincin mako guda ko fiye, taswira da kamfas, duk a bayanka suke. Kyanta ba ya faɗuwa da baki, ban musa ba.

Amma abin da hotuna ba sa nunawa shi ne ruwa. Kogunan Sarek daga narkewar ƙanƙara suke fitowa, don haka rafin da ya tsaya maka a gwiwa da sassafe yana iya kai maka cinya da la'asar, ga sanyin da ke kashe ƙafa cikin 'yan mintuna, ga duwatsu masu santsi a ƙasa. Ana kwance igiyar jakar baya ta ƙugu kafin a shiga, a dogara da sanda, a fuskanci inda ruwan ke fitowa. A bakin irin wannan ruwa ne abota ke shiga gwaji. Akwai wanda ya tsorata amma kunya ta hana shi faɗa, akwai wanda ke gaggawa don abinci ya fara ja baya, waya kuma babu sabis. Sarek tana bukatar madugu na gaske, irin na ayarin fatake, wanda in ya ce a koma kowa zai juya ba musu. Abokai kuwa sa'o'in juna ne, da wuya ɗaya ya yarda ɗaya ya yanke masa hukunci.

A Kungsleden rauni ba ya zama bala'i. Wanda ƙafarsa ta yi bororo zai iya kwana biyu a ɗaki ɗaya, mai ƙarfi ya hau wani tsauni ya dawo su ci abincin dare tare. Akwai wayar neman agaji a ɗakunan, wasunsu kuma suna da ɗan kanti. Wannan ne ke ba ka damar gayyatar abokin da bai taɓa kwana a dawa ba, kuma mu da muka zo daga nesa mafi yawanmu haka muke. Yana damuna in ga ɗan'uwa ya shekara goma a biranen kudu irin su Malmö ko Göteborg bai taɓa ganin arewacin ƙasar da yake zaune ba, alhali dokar ƙasar ta ba kowa, har da baƙo, 'yancin ratsa dawa ya kafa tanti na dare ɗaya ko biyu, muddin bai dami kowa ba bai ɓata komai ba. A cikin gandun daji na Abisko dai sai a wuraren da aka keɓe.

Wani abu na hanyar da nake matuƙar so shi ne ƙa'idar kwale-kwale. Kudu da Kebnekaise, dutse mafi tsawo a Suwidin, akwai tafkunan da sai an ƙetare, kamar Teusajaure, an kuma ajiye jiragen tuƙi kyauta. Sharaɗin shi ne dole a bar aƙalla ɗaya a kowace gaɓa. In ka tarar da guda ɗaya tak a gefenka, sai ka tuƙa ka haye, ka jawo wani ka dawo da shi, sannan ka sake hayewa. Tuƙi uku ke nan saboda mutumin da ba ka sani ba, kuma babu mai gadin da zai kama ka in ka ƙi.

Sauro da hasken da ba ya yankewa kam duk inda ka zaɓa suna nan. Sauron Yuli ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, amma yawansa yana iya hana ka buɗe baki ka ci abinci, sai da ragar fuska. Batun salla kuma ku daidaita shi tun kafin ku tashi: malamai sun ba da zaɓin bin lokutan gari mafi kusa da ake samun dare da rana, ko lokutan Makka. Ku ɗauki ɗaya gaba ɗayanku, kada ya zama abin jayayya a cikin tanti.

Kuma kada kowa ya ce maka ƙasar babu mai ita. Mutanen Sami, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna kiwon dabbar nan mai rassan ƙaho, rendiya, a waɗannan tsaunuka, wannan na cikin dalilan da UNESCO ta sa yankin Laponia, wanda Sarek ke cikinsa, cikin kayan tarihin duniya a 1996. A tsakiyar bazara suke tara garke su yi wa 'yan maruƙa shaida a kunne. In kun hango garke, ku zauna ku bari ya wuce.

Ga wanda zuciyarsa ta nace sai Sarek, akwai hanya ta tsakiya. Daga zangon Aktse a kan Kungsleden ana hawa dutsen Skierfe a yini ɗaya a dawo, a tsaya a bakin gangara mai zurfin kusan mita 700 a kalli yadda kogin Rapa ya rarrabu kafin ya shiga tafki. Ku je a rabin ƙarshe na Agusta: sauro ya ragu, ruwan koguna ya sauka, dare ya dawo, ɗakunan kuma suna buɗe har wajen tsakiyar Satumba.